Tambaya da Amsa: Tsohuwar kwamfutata za ta iya ɗaukar wasan tuƙa kumbo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da wata tsohuwar laftof da yayana ya bar mini, Core i3 ce mai RAM gigabayit 4, tana kan Windows 7, kuma ba ta da katin hoto na daban sai na Intel da ya zo a jikinta. Na sa mata Kerbal Space Program. In rokar ƙarama ce ba laifi, amma da na haɗa babba sai hoto ya dinga tsaitsayawa, fanka ta yi ta kuka, ƙasan kwamfutar ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa. Burina in koyi yadda ake kai kumbo ya haɗu da tashar sararin samaniya. In haƙura ne sai na samu sabuwa? Daga wani ɗalibi mai bibiyar wannan shafi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka haƙura, abin da kake son koya bai fi ƙarfin kwamfutarka ba. Na'urar da ta yi wa 'yan sama jannatin Apollo 11 lissafi har suka sauka a duniyar wata a 1969, ma'ajiyarta ta aiki kilobayit 4 ce ko kusa da haka. Taka ta ninka ta sau miliyan. Lissafin hanyar da kumbo zai bi ba shi da nauyi. Abin da ke cin ƙarfin kwamfuta shi ne kwalliya: gajimare, inuwa, hayaƙi, ƙyallin ruwan teku.

Amma Kerbal yana da nasa ciwon daban. Kowane yanki da ka liƙa a rokarka, tanki ne ko inji ko ɗan ƙarfen tokara, wasan yana ɗaukar sa a matsayin abu mai zaman kansa, yana lissafa yadda yake ja da tura maƙwabtansa sau 50 a kowace daƙiƙa. Firosesa ce ke ɗaukar wannan kaya, kuma yawancinsa a kan sashe ɗaya nata yake sauka. Shi ya sa ko ka rage kyan hoto har ƙasa, roka mai yanki 200 za ta ci gaba da wahalar da kai. Dubi agogon da ke saman allo ta hagu: in ya tashi daga kore ya koma ɗorawa, lissafi ya fara yi mata yawa ke nan. Maganin shi ne ka rage yawan yankuna. Babban tanki ɗaya ya fi ƙanana huɗu. Ka goge tarkacen tsofaffin rokoki da ke yawo a sama, ka kuma bar ƙare-ƙaren da mutane ke ɗora wa wasan, don RAM ɗinka ba za ta ɗauka ba.

Ni dai da za ka bi tawa, wani wasan tuƙa kumbo mai suna Orbiter zan sa ka ɗauko. Martin Schweiger, wani masanin kimiyya a jami'ar UCL da ke Landan, shi ya rubuta shi, ya fara sakin sa a 2000, kuma kyauta ne. A kansa na koya, a wata kwamfutar tebur mai RAM gigabayit 1 da Windows XP, kuma ban manta daren da na fara ganin ISS, wato tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ta bayyana a gabana kamar ɗigon haske ba, bayan na kwashe sati biyu ina kuskure mata. Ainihin duniyarmu ce a ciki, da wata da sauran duniyoyin a girmansu da nisansu na gaskiya. Nemi na 2010 maimakon na 2016, domin na 2016 ya ƙaro tuddai da kwaruruka waɗanda ke neman katin hoto mai ƙarfi. Ka sauke shi daga shafinsa na asali kawai, tunda Windows 7 ta daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020, kuma ka tsallake manyan hotunan doron ƙasa masu cin gigabayit da yawa.

Kafin wasan ya buɗe akwai ɗan akwatin saiti. A nan ka kashe inuwar gajimare da ƙyallin ruwa da fitilun birane na dare, ka rage girman hoton. In ka shiga, danna F8 har ka iso inda babu zanen ɗakin matuƙi, sai allunan lissafi biyu kawai. Nan ne ya fi sauƙi ga kwamfuta, kuma ko ba komai waɗannan allunan za ka fi zuba wa ido. Abu ɗaya da zai iya ba ka matsala: a Orbiter, da maɓallan lambobi na gefen dama ake juya kumbo, ƙananan laftof da yawa kuwa ba su da su. Kibod na USB zai raba gardama.

Zafin nan da ka ambata kada ka raina shi. Firosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ka ɗauka wasan ne ya yi nauyi. Kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya share ƙurar da ta toshe fanka, ya sabunta man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen da ke ɗauke zafi. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko filo, kuma ka bar ta jone da caja lokacin wasa.

Batun haɗuwa da tasha kuwa, a nan daɗin yake. ISS tana nisan kilomita 400 ko kusa da haka, tana gudun kimanin kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai. In tana gabanka, zuciyarka za ta ce ka saita ta ka taka wuta. Kana yin haka kumbonka zai hau sama, hanyarsa ta ƙara tsawo, tasha ta ƙara yi maka nisa. Hakan ta faru da James McDivitt a kumbon Gemini 4 a 1965, lokacin da ya nemi ya matsa kusa da ragowar rokar da ta kai su, ya ƙona mai da yawa ya haƙura. Dabarar ita ce ka zauna a ƙasa da ita, inda zagaye ya fi gajarta kuma ya fi sauri, ka riƙa cin tazarar a kowane zagaye, sannan ka ɗaga a lokacin da ya dace.

Fara da kumbon Delta-glider da ke cikin Orbiter, yana da mai wadatacce kuma yana yafe kuskure. Maɓallin T yana hanzarta lokaci, R yana rage shi. Yi amfani da su wajen jiran zagaye, amma da tazarar ta sauko zuwa 'yan kilomitoci ka mayar da agogo daidai, in ba haka ba kafin ka ankara ka wuce ta. In ka samu ka haɗe da tashar, rubuto ka gaya mini zagaye nawa ka yi.