Baftisma ga wanda ya sauya jinsi a cocin Katolika

'Yar'uwa, kin tambaya ko cocin Katolika zai yi wa ɗan yayarki da ke Italiya baftisma, alhali an riga an yi masa tiyatar sauya jinsi. E, zai iya samu. A ranar 31 ga Oktoban 2023, ofishin kula da koyarwar bangaskiya na Vatican ya amsa wa Bishof José Negri na Brazil wannan tambayar, da sa hannun Fafaroma Francis da Kadinal Fernández, shugaban ofishin a lokacin. Suka ce wanda ya sha magungunan sauya jinsi ko aka yi masa tiyata ana yi masa baftisma kamar kowa, muddin hakan ba zai jawo abin tuntuɓe ko ruɗani a tsakanin masu bi ba. Wannan ba ya nufin coci ya amince da tiyatar, domin wata takarda da ofishin nan ya fitar a Afrilun 2024 ta ƙi ta a fili.

Sharaɗin nan na ruɗani shi ne gaɓar da komai ke tsayawa, kuma Fadan ikilisiyarsa ne zai auna shi. Na daɗe ina taimakawa a ajin masu shirin baftisma, abin da na gani shi ne magana a bakin ƙofa bayan Misa, jama'a na ta wucewa, ba ta zuwa ko'ina. Ya nemi ganin Fada a ofis ranar aiki, ya faɗi tarihinsa da bakinsa kafin wani ya rigaye shi. In za ki iya, ki kira shi a daren da zai je, don tsoron kora ne ke hana da yawansu shiga.