Tambaya da Amsa: Fitilar bayan keke, radar, da na'urar auna iska

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a Zariya, bayan sallar asuba nake fita motsa jiki da keke in bi hanyar Funtua in dawo. Na ga wata fitilar baya a YouTube wai tana da radar, tana sanar da mutum in mota ta taho daga bayansa. Dan Allah da gaske ne ko talla ce kawai, kuma ta ci kuɗinta?

Amsa: Ɗan'uwa da gaske ne, ba talla bace. Wadda ka gani inaga Varia ce ta kamfanin Garmin, sun fara fitar da ita a 2015, amma asalin dabarar daga Afirka ta Kudu ta fito, wani ƙaramin kamfani ne a Stellenbosch mai suna iKubu ya ƙirƙiro ta Garmin suka saye shi. A ƙasan sirdi ake ɗaura ta, tana tura igiyar rediyo baya, in ta doki mota ta dawo sai na'urar ta lissafa nisan motar da saurin da take matsowa. Samfurin RTL515 tana hango mota tun daga mita 140, sai ta aika saƙo zuwa wayarka ko ƙaramar kwamfutar da ke kan keken.

Na ari ta wani abokina na yi sati biyu da ita. Kana cikin tafiya iska na kaɗawa a kunnenka baka jin komai sai ka ji ƙara tit-tit, ka duba allo kaga wani ɗigo yana hawowa ta gefe, in motoci uku ne ɗigo uku zaka gani a jere, in mai gudun tsiya ne gefen allon ya koma ja, suna wucewa ya zama kore. Ita kanta fitilar tana canza yadda take walƙiya in mota ta matso don ta ja hankalin direba. Yi lissafi da kanka, mota na gudun kilomita 100 kai kana 25, mita 140 ɗin nan daƙiƙa bakwai ma basu cika ba ta iso ka, toh amma daƙiƙa shida a hannun wanda ya sani sun ishe shi ya raɓe gefe, ko ya fasa kauce wa ramin da ke gabansa ta cikin titi.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau, wallahi ina tsoron mutum ya saya ya saki jiki. Radar ɗin bata san ko direban zai baka hanya ko zai bi ta kanka ba, tahowarsa kawai take gani. Kuma tunda bambancin gudu take aunawa, in tirela ta rage gudu ta biyo ka a baya daidai da gudunka tana iya ɓacewa daga allon alhali tana nan, kai kuma ka ɗauka hanya ta buɗe. A kwana da bayan tudu ma bata gani sai motar ta fito fili. Don haka waiwaye kafin ka karkata yana nan daram, ba abinda ya soke shi. A cikin gari kuwa tsakanin 'yan acaɓa da adaidaita kukanta baya tsayawa har kunnenka ya daina kula ta. Kuɗinta wajen dala 200 ne lokacin da ta fito, akwai masu sauƙi kamar Magene L508 da Bryton Gardia. A irin doguwar hanyar da kake bi da sassafe ta ci kuɗinta in kana da hali, in babu ka sayi madubi da jar fitila mai ƙarfi.

Tambaya: Ɗana shekararsa 15, da keke yake zuwa makarantar dare, sai bayan isha'i yake dawowa kuma unguwarmu ba fitilun titi. Hankalina baya kwanciya har sai ya shigo. Me ya kamata in saya masa? Uwa ce daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya Allah ya raya mana shi ya tsare. Wannan tambayar ta fi taɓa ni duk cikin wasiƙun da suka zo. Bara cikin hunturu ina tuƙi bayan magariba hazo ya rufe gari, motar da ke tahowa ta dalle min ido, ban ga komai ba sai wani ɗan ƙyalli rawaya yana hawa yana sauka a gabana, ashe fedar keke ce, dattijo ne da buhu a baya ba fitila ko ɗaya, rigarsa ruwan ƙasa. Na taka birki na tsaya gefe hannuna na rawa. Wannan ɗan rifilektan na jikin feda shi kaɗai ya nuna min akwai mutum a gurin.

Toh ki saya masa fitila biyu, ja a baya fara a gaba, irin waɗanda ake caji da wayar cajin salula, basu da tsada. Kar a saka fara a baya, direba zai ɗauka abin tahowa yake yi. A ɗaura ta bayan a sandar sirdi tana kallon baya sosai ba ƙasa ba, sannan ki tsaya a bayansa da kanki ya hau ki gani, domin yaranmu da doguwar riga ko jallabiya suke hawa, sau da yawa rigar ce ke saukowa ta lulluɓe fitilar, ko jakar littattafai a kan kariya ta tare ta. In haka ne a mayar da ita can ƙarshen kariya. A riƙa goge ƙura a jikinta, a kuma sa masa ranar caji ya zama kamar na waya. A ɗinka masa kyalle mai ƙyalli a ƙafar wando ko ya ɗaura a idon sawu, ido yana saurin gane mutum in ya ga haske na motsi irin na ƙafa.

Da dare na fi son fitila mai ci a tsaye ko mai lumshewa a hankali, mai walƙiya da ƙarfi tana sa direba ya kasa gane nisanta, a Jamus ma doka ta hana ɗaura mai walƙiya a jikin keke. Da rana kuma ya kunna, a birnin Odense na ƙasar Denmak an gwada kekuna masu fitila a kunne dare da rana aka samu haɗurran da mai keke ke jin rauni sun ragu da kashi 19 cikin ɗari. Radar ba nasa bane Hajiya, kar ki kashe kuɗinki a kai.

Tambaya: Yaya ina tseren keke kuma ina son in ƙara gudu. Na ji akwai na'urar da ake maƙalawa a gaban keke tana auna yadda iska ke riƙe mutum. In tara kuɗi in saya?

Amsa: Ƙanina ka gano inda matsalar take, iska ce babbar abokiyar gabar mai tsere. In ka ninka gudunka daga kilomita 20 zuwa 40 ƙarfin da zaka kashe wajen keta iska sau takwas zai ninku, kuma mafi yawan riƙon a jikinka yake ba a keken ba. A gasar tseren keke ta Tour de France ta 1989 Greg LeMond ɗan Amurka ya shiga ranar ƙarshe Laurent Fignon na gabansa da daƙiƙa 50, ya sa ƙarafan da ake kwantar da hannu a kai a miƙe gaba da hular kwano mai tsini don rage riƙon iska, ya ci gasar da daƙiƙa 8.

Na'urorin da kake nufi irinsu Notio da AeroPod da Aerosensor ne, suna da ɗan bututu mai kallon gaba irin na jikin jirgin sama da ke auna bugun iska, sai su haɗa da gudunka da nauyinka da hawa da gangaren hanya su baka lamba ɗaya da ake kira CdA, in ta ragu ka fi sulɓi. Amma basa aiki sai kana da na'urar auna ƙarfin ƙafa, ita ma ɗaruruwan daloli ce, kuma mota ɗaya ta wuce ka ko ka taɓa birki lissafin ya lalace sai an sake.

Ni dai ban baka shawarar saye yanzu ba. Nemi gangare mai shiru da sassafe kafin iska ta tashi, ka sa alama a sama da ƙasa, ka saki keken ba feda daga tsaye abokinka na riƙe da agogo. Sau biyar kana zaune yadda ka saba, sau biyar ka lanƙwasa gwiwar hannu ka sunkuyar da kai ka matse kafaɗa, sannan ka sake da riga mai kama jiki maimakon mai kaɗawa. Abu ɗaya zaka riƙa canzawa a kowane zagaye, iskar taya kar ta canza, kuma idonka na kan hanya ko ka sunkuya. Ka rubuta lokutan a takarda ka turo min mu duba tare.