Tambaya da Amsa: Motar tserenmu ta ƙi shan kwana, aksil ne ko birki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne amma ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, ina aiki a wani gareji. Maigidana yana da tsohuwar Ford Mustang ta 1989 mai fulogi huɗu da muke shiga tseren ƙananan motoci da ita ran Asabar, irin filin nan zagayayye da hagu kawai ake ta juyawa. To mun yi wa giyar aksil ɗin baya walda ta haɗe, tun daga ranar in motar ta zo kwana sai ta ƙi juyawa hancinta ya nufi katanga, in kuma direba ya danne birki da ƙarfi sai bayan motar ya ƙwace. Oga ya ce mu sayo aksil mai faɗi. Don Allah meye shawara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka ce wa ogan naka ya riƙe kuɗinsa tukuna, tef ɗin awo ya kamata ku fara ɗauka.

Ka ga giyar nan da kuka yi wa walda, aikinta tun asali shi ne ta bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, saboda ta waje ta fi cin doguwar tafiya. Yanzu kun ɗaure su wuri ɗaya dole su juya tare, kuma tayoyi biyu masu girma ɗaya da aka ɗaure ba abin da suke so sai tafiya miƙe, shi ya sa direba ke murɗa sitiyari motar na cewa ita fa gaba za ta. Ba laifi kuka yi ba, da yawa a irin wannan tseren haka suke yi don kar tayar hagu ta riƙa juyawa a banza in an taka totur, amma rabin aikin kuka yi. Sauran rabin shi ne tayar baya ta dama ta fi ta hagu girma. Ɗauki kofin shan shayi mai faɗin baki ka kwantar ka tura shi, ai da kansa zai kewaya, to haka ake so bayan motar ya zama.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ce daga tsakiyar kwanar zuwa inda motar ke bi mita 30 ne, tsakanin tayoyin baya kuma mita ɗaya da rabi, to tayar dama za ta fi ta hagu tafiya da kusan kashi 5 cikin 100, in kewayen taya inci 72 ne kenan bambancin ya kai inci uku da rabi. Sai dai kar ku ba da shi duka domin a miƙaƙƙen wuri motar za ta riƙa jan hagu, ku fara da inci ɗaya zuwa biyu ku gani. Kuma kewayen tayar za ku auna da tef bayan an sa iska, kar ku yarda da lambar da ke jikinta, a sake aunawa in ta yi zafi. Wannan lissafin ne ma ya sa ban goyi bayan oga ba, duk faɗin da ka ƙara wa aksil mai walda bambancin tafiyar tayoyin ƙaruwa yake, matsalar kenan kuka sayo da kuɗinku. Banda haka kowane fili yana da littafin dokokinsa da ya ƙayyade iya faɗin da aka yarda, ana iya aunawa bayan tsere a ƙwace muku nasara. In kuna so ku taɓa faɗin, rim za ku canza, a fitar da tayar baya ta dama waje kamar rabin inci, hakan kan sa motar ta saki ta yarda da kwana.

Kafin duk wannan ma ku auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a kowane gefe, motar da ta sha karo aksil ɗinta kan karkace ba wanda ya lura.

Birki kuwa, a ƙa'ida na gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aiki don nauyi gaba yake komawa in an taka. Naku na baya ya yi ƙarfi, kuma da yake tayoyin a haɗe suke in ɗaya ta kame ɗayar ma ta kame, shikenan baya ya tafi. Ku buɗe dirom ɗin birkin baya biyu ku duba takalman birkin a saita su daidai, sannan in doka ta yarda ku sa bawul ɗin nan da ake murɗawa a layin man birkin baya ku rage masa ƙarfi kaɗan-kaɗan har na gaba ya riƙa ɗan riga kamawa. Ku zubar da tsohon man birki, yana shan ruwa, ku zuba nau'in DOT 4 wanda ya fi DOT 3 jure zafi. Abu ɗaya za ku riƙa canzawa a kowane gwaji kuna rubutawa a littafi.

Wanda ya fi damuna shi ne wannan: aksil ɗin da Mustang ɗinku ta zo da shi, mai inci 7.5 (girman babbar giyar cikinsa kenan, ba faɗin aksil ɗin ba), wani ɗan ƙarfe ne mai siffar C ke riƙe sandar da ke juya taya daga ciki, in sandar ta karye taya na iya ficewa da ita gaba ɗaya, ga walda kuma ta ƙara mata wahala. Ku riƙa zare sandunan kuna duba haƙoransu ko sun fara murɗewa. Shi ya sa masu tsere ke son aksil ɗin Ford mai inci 9 da aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, shi ba haka riƙonsa yake ba, sai dai nauyi gare shi kuma yana cin ƙarfin ɗan injinku mai lita 2.3.

TAMBAYA: Malam ni bakanike ne a Kaduna, samari na kawo min motoci in yi musu waldar nan don wasan juya mota. In yi?

AMSA: In motar za ta hau titi, a'a Oga, kar ka yi. Ranar da aka yi ruwa ko ya shiga shataletale da gudu bayan zai ƙwace masa cikin masu babur da keke, ga cin taya ga karya sanda. Ka faɗa musu ba ka yi, ko da za su tafi garejin gaba.