An sallame ni daga aiki, na kasa gaya wa iyalina

Tambaya: Malama, shekarata 47. Kamfanin da nake wa aikin akawu ya rage ma'aikata, har da ni. 'Ya'yana biyar. Kunya ta hana ni gaya wa maiɗakina, kullum da safe sai in shirya in fita kamar zan tafi ofis. Yaya zan yi?
Wani magidanci, Kakuri, Kaduna

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya musanya maka da mafi alheri. Ka gaya wa maiɗakinka yau ɗin nan, kafin ta ji a bakin maƙwabta. Ita ke riƙe da tukunya, ta fi ka sanin inda za a rage.

Sannan ka karɓi takardar sallama a rubuce. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin ɗari na asusunsa, idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Don Allah kada kuɗin nan su tafi wajen biki.

Kuma akawu ba ya rasa abin yi. 'Yan kasuwa da yawa a Kasuwar Barci ba su da mai rubuta musu shiga da fita. Ka fara da shagon wanda ya san ka.