'Yata ta fara al'ada ta ɓoye min wata uku, yanzu duk ta canza

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata ce shekararta 13, ashe ta fara al'ada tun wata uku ban sani ba sai da na ga kunzugu a ƙarƙashin katifa, kuma duk lokacin nan tana bin mu sallah saboda kunyar babanta, har azumi ta yi a haka. Yanzu ga tsiwa ga kuka ba dalili, ta daina zama falo da babanta, kakarta kuma ta ce kar ta ƙara taɓa girki in tana jini. Malam tana da zunubi? Ya zan yi da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, kafin mu zo kan yarinyar ki tambayi kanki me ya sa ta zaɓi ƙarƙashin katifa ba ta zo gunki ba. Wannan kunyar da muke gada, uwa ba ta iya buɗe baki ta yi wa 'yarta bayanin haila, wallahi tana cutar da yaranmu, koyar da ita wajibi ne a kanku tun kafin jinin ya zo.

Haila alamar balaga ce, alƙalami ya hau kanta. Sallar da ta yi cikin jini ba ta inganta ba amma babu ramuwa, mai haila ba ta rama sallah, kuma in ba ta san hukuncin ba babu zunubi, in ta sani ta yi istigfari. Azumin kwanakin jinin kuwa sai ta rama. Abin da za ki bincika a hankali shi ne ko tana wankan tsarki in jinin ya ɗauke, in ba ta yi to a mazhabar Malikiyya sai ta rama sallolin da ta yi ba wanka, ki zauna ku ƙirga tare ba da faɗa ba. Ki sanar da ita mai farawa iyakar hailarta kwana 15, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallah.

Maganar kaka, Allah ya ƙara mata lafiya, ba ta da asali. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa Yahudawa ne ba sa cin abinci da mai haila, Annabi SAW ya saɓa musu. Nana Aisha tana haila take taje masa kai, ta sha ruwa ya sa bakinsa a inda ta sa nata. Ranar da ya same ta tana kuka a Sarif hanyar hajji saboda jini ya zo mata, lallashinta ya yi, ya ce abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'ya mata na Adamu.

Tsiwa da kukan nan kar ki yi saurin kiransu saɓa wa iyaye, jikinta ne ke canzawa, ga ciwon mara ga tsoro, ki yi gyara da laushi, duka kam a'a. Babanta muharraminta ne, kar ya ja baya, Annabi SAW in Nana Fatima ta shigo miƙewa yake ya sumbace ta ya zaunar da ita a mazauninsa. Ya dai daina tambayarta "kin yi sallah?" a gaban ƙannenta, ya bar miki wannan. A raba mata makwanci da yayyenta maza, a riƙa sallama kafin a shiga ɗakinta, ki saya mata audugar mata, in ciwon ya tsananta ko jinin ya yi yawa ku je asibiti.

Wallahu a'alam.