Amsa ga Hajiya kan takardar sallamar yaron da ya bar sojan Amurka

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hajiya, na saurari saƙonki a kan ɗan ƙanenki da ya yi aikin soja a nan Amurka, ya je Afganistan ya dawo, sannan aka sallame shi da takardar da ba ta girmamawa ba, wadda suke kira OTH, saboda fashin aiki da kuma gwajin da ya nuna ya sha wiwi. Kin tambaya ko gaskiya ne takardar za ta gyaru da kanta bayan wata shida. Amma abin da na ji a muryarki shi ne fargabar ko yaron ya rasa asibiti da karatu da zama ɗan ƙasa gaba ɗaya, don haka a kan wannan zan amsa.

Maganar wata shida ƙarya ce tsagwaronta, kuma babu dokar da ta taɓa cewa haka. Tsohuwar magana ce da ake yi wa yara a bariki lokacin da ake so su sa hannu su tafi ba tare da gardama ba, kuma tana ƙona mini rai. Na san wani yaron namu da sajansa ya faɗa masa haka, ya ninke takardar ya ajiye a akwati yana jiran ta canza, har ya je neman kuɗin karatu na GI Bill aka ce masa sai mai cikakkiyar sallamar girmamawa ake bai wa. Yaron nan bai yi wa kowa gardama ba, ya amince da na gaba da shi kamar yadda aka tarbiyyantar da shi a gida, shekaru suka tafi a banza. Duk wanda ya sake kawo zancen wata shida a zauren nan, a tambaye shi a wace doka ya gani.

Abin da za a yi shi ne a rubuta takardar neman gyara. A fara da takardar sallamar da aka ba shi, wato DD-214, kwafin da aka rubuta lamba 4 a ƙasansa. A duba gida na 24, inda aka rubuta irin sallamar, da gida na 28, inda aka rubuta dalilinta, domin wani lokaci dalilin da aka rubuta ya fi irin sallamar hana mutum samun aiki. Idan bai kai shekara 15 da barin aiki ba, zai cike fom DD-293 zuwa kwamitin sake duba sallama na rundunarsa. Idan ya wuce haka, ko kuma babbar kotun soja ce ta yanke masa hukunci, sai fom DD-149 zuwa kwamitin gyaran bayanan soja, wanda wa'adinsa shekara 3 ne daga ranar da aka gano kuskuren, ko da yake suna iya ɗage wa'adin idan adalci ya buƙaci haka. Ba a biyan ko sisi a kan fom ɗin.

Inda mutanenmu suke faɗuwa shi ne su rubuta wasiƙar roƙo, su ce yaron kirki ne, a yi masa rai. Kwamitin hujja yake nema. Tun 2014 sakataren tsaro Chuck Hagel ya ba da umarnin a sassauta wa waɗanda ke fama da ciwon firgicin yaƙi, wato PTSD, kuma a 2017 aka faɗaɗa umarnin ya haɗa da raunin ƙwaƙwalwa da sauran matsalolin tunani da cin zarafin jima'i. Abin da suke tambaya shi ne ko yana da ciwon, ko a lokacin aiki ya same shi, ko ciwon ne ya kai shi ga laifin, sannan ko ya rinjayi laifin. Saboda haka a samo likitan da zai rubuta a fili cewa rashin barci da firgitar da ya dawo da su ne suka jefa shi cikin shaye-shaye. A nemi fayil ɗinsa na aiki da na asibiti da fom SF-180, a haɗa da shaidar abokan aikinsa da suka san shi kafin tafiya da bayan dawowa. Ke kanki, Hajiya, ki rubuta abin da kika gani: yadda yake zabura idan an buga ƙofa, da yadda ya daina zama cikin taron suna. Kuma kada ya ɗauka shi kaɗai ne, domin rahoton ofishin binciken gwamnati na 2017 ya nuna cewa kashi 62 cikin ɗari na waɗanda aka sallama saboda rashin ɗa'a tsakanin 2011 da 2015 an riga an gano suna da irin waɗannan cututtuka cikin shekara biyu kafin sallamar.

Bari in koma kan asibiti, domin shi ne ba ya jira. Kwamitin yakan ɗauki watanni masu yawa, wani lokaci fiye da shekara. Hukumar kula da tsofaffin sojoji, VA, tana da ikon duba aikinsa ta yanke nata hukuncin ko da takardar ba ta canza ba, kuma dokar 2018 ta ba mai OTH da ya yi fiye da kwana 100 yana aiki kuma aka tura shi fagen daga damar samun kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ya je ya nema tun yanzu. Idan ya fara maganar yi wa kansa lahani, a kira layin agajin gaggawa na 988 a danna 1 nan take.

Batun zama ɗan ƙasa kuwa, idan ta hanyar aikin soja ya samu, kuma aka sallame shi da OTH kafin ya cika shekara 5 yana aiki cikin mutunci, doka ta ba da damar a janye masa zama ɗan ƙasar. Wannan ya sa nake so lauyan shige da fice ya ga takardun kafin a aika da komai. Na gyaran sallamar kuma akwai masu yin sa kyauta, kamar ƙungiyoyin tsofaffin sojoji na DAV da American Legion da ofishin taimakon tsofaffin sojoji na makarantar koyon shari'a ta Yale, saboda haka kada ku biya wani ɗan damfara a intanet. Ki turo mini shekarar da aka sallame shi da abin da aka rubuta a gida na 28 ta gefe, kada ki sa a zaure.