Ba hifokamfas kaɗai ake dubawa ba

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa likita yake zargin cutar Alzheimer ga matar nan mai shekara hamsin da 'yan kai, alhali hifokamfas ɗinta, wato sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu, a hoton MRI da ka ɗauka cike yake, babu alamar motsewa. Har kana cewa ko likitan ya yi gaggawa. Bai yi ba. Jawo kujera.

Abin da aka koya muku gaskiya ne. Cikin masu cutar mantuwa, wadda mutanenmu kan kira gigin tsufa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari Alzheimer ce, kuma yawanci takan fara cin hifokamfas, wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye sabon abu. Shi ya sa tsoho zai ba ka labarin aurensa tiryan-tiryan, amma ya manta ya ci tuwo ɗazu. Ma'aunin Scheltens na 1992, daga 0 zuwa 4, don auna motsewar hifokamfas da kewayensa aka yi shi. Sai dai cutar kamar gara take, ba dole ta fara daga ƙofar gida ba.

A 2011 masu bincike na asibitin Mayo a Florida, Amurka, suka duba ƙwaƙwalwar mamata 889 da aka tabbatar suna da cutar. Kashi 75 cikin ɗari irin da ka sani ne. Kashi 14, cutar ta tare a hifokamfas da kewayensa, ba ta taɓa ɓawon ƙwaƙwalwa sosai ba. Waɗannan galibi tsofaffi ne tukuf, mata sun fi yawa. Ragowar kashi 11 su ne amsar tambayarka: hifokamfas da sauƙi, ɓawon ƙwaƙwalwa kuwa ya ci wuya. Su cutar kan kama su da sauran ƙarfinsu, ta kuma fi saurin kayar da su.

Koma kan matar. Me 'yarta ta ce da kana cire mata ɗan kunne? Ta ce an canza mata gilashi har ta gaji, likitan ido ya ce idonta lafiya lau, amma in za ta zuba shayi sai ta zuba a gefen kofi, ta kasa bin layi in tana karatun Alƙur'ani, ta miƙa hannu ta wuce abin da take so ta ɗauka. Idon na gani, bayan ƙwaƙwalwa mai fassara abin da aka gani ne ya lalace. Wani likita, Frank Benson, ya bayyana wannan nau'in a 1988. Buɗe hoton, ka je ta ƙeya. Ka ga yadda tsagogin nan suka yi faɗi, naman da ke tsakaninsu ya sirance? Can ne maganar take, kuma akwai ma'aunin Koedam, 0 zuwa 3, na wannan wuri. Wani nau'in kuma harshe yake fara kamawa: mutum na magana sai ya tsaya cak yana laluben kalma, in ka ce ya maimaita doguwar jimla ya kasa. Shi sai ka dubi ɓangaren hagu, sama da kunne ta baya.

A Turai da Amurka ana wani hoto da ake kira PET mai nuna inda sinadaran amiloid da tau, masu taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar, suka taru, har wani bincike na 2021 ya raba yaɗuwar tau gida huɗu. Wannan ba ya hannunmu. Namu MRI ne, wani lokacin ma CT, to sai a yi shi da kyau.

Fara da nau'in hoton MRI da ake kira T1, mai yanka siriri, milimita ɗaya, ka ɗauko kan gaba ɗaya tun daga tsakar ka har ƙasa. Kada ka datse saman don ka rage minti biyu, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. T1 ɗin za ka fara yi, domin mai wannan cuta ba ya jure kwanciya cikin ƙarar na'ura; in ya fara motsi, gara a ce mafi muhimmanci yana hannu. Sa matashi a gefen kai, a tantance cewa ɗansa ko 'yarsa ba su ɗauke da ƙarfe, a bar su su riƙe masa ƙafa. Sannan nau'in hoton da ake kira FLAIR, don a ga tabon jijiyoyin jini, tunda masu hawan jini sun yi mana yawa. Ka kuma buɗe ido kan tsohon jini da ya kwanta bayan faɗuwa, ko ƙari, ko ruwa da ya taru, domin waɗannan ana iya yi musu aiki mutum ya dawo hayyacinsa.

Ka riƙa tambayar 'yan rakiya abin da ya fara ɓaci: mantuwa ce, gani ne, ko magana? Rubuta shi a takarda, mai karanta hoton zai gode maka. Amma in sun tsare ka a bakin ƙofa suna cewa “Malam, me ka gani?”, ka ce sakamako na wurin likita. Hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa da gwajin tunani da tarihin mara lafiya. Tashi ka sake jera hoton matar nan ta gefe, ka kawo mu duba tare kafin a tura.